Farantin sitenles ya bankare a kan wuta: shawarwarin 'yan zaure

Mai Burodi, Pantami: Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da warhaka. Matsala ce ta kawo ni, kuma na san a nan ba za a rasa mai magani ba. Bayan ƙaramar Sallah na sa aka cire farantin baƙin ƙarfen da ke saman gidan wuta a obin ɗina, don tsatsa ta cinye shi har hayaƙi yana shiga wajen burodi. Wani ya ce in sa sitenles in huta har abada. Na sa. Bai rufa wata biyu ba ya bankare, tsakiyarsa ta taso kamar bayan kunkuru, waldar kusurwa biyu ta tsage. Burodin da ke tsakiya yana ƙonewa ta ƙasa, na gefe kuma yana fitowa fari fat. Jiya tire huɗu na raba wa almajirai. Ƙarfen ne jabu, ko mai waldar ne bai iya ba?

Baba Mai Walda, BCGA: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Kaurinsa nawa, kuma yaya aka ɗaure shi?

Mai Burodi, Pantami: Milimita 1.5, Baba. An bi shi da walda ta gefe huɗu a jikin firam ɗin angul, babu ko kafar allura. Ni da kaina na ce a yi hakan saboda hayaƙi.

Baba Mai Walda, BCGA: To kai ka ɗaure shi, shi kuma ya nemi hanya. Wace sanda aka yi waldar da ita?

Mai Burodi, Pantami: Wadda yake waldar ƙofa da ita dai na gani.

Baba Mai Walda, BCGA: 6013 ke nan. Innalillahi. Injiniya, zo ka yi masa bayani, ni hannuna ya fi bakina iya magana.

Injiniya: Barkanku da dare. Baba ai ka gama maganar, ni ƙari kawai zan yi. Alhaji, abu uku ne suka haɗu a kanka, kuma ko da farantin na ainihi ne sai ya yi maka haka.

Duk ƙarfe yana miƙewa idan ya ji wuta, amma nau'o'in sitenles masu lamba 304 da 201 sun fi baƙin ƙarfe miƙewa. Farantin da tsawonsa mita ɗaya ne, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 500, zai ƙara kusan milimita 9. Baƙin ƙarfe a wannan zafin kamar milimita 7 zai ƙara. Sannan firam ɗinka yana gefe, bai sha wuta kamar tsakiyar farantin ba, don haka shi kusan yana nan inda yake. Milimita 9 ɗin nan dole su je wani wuri. Tunda an toshe gefe huɗu, sai suka tafi sama. Bayan kunkurun da kake gani ke nan. Da dare ya huce ya ja baya, da asuba ya sake turawa, kullum haka, har walda ta gaji ta dare.

Na biyu shi ne abin da ke ƙona maka burodi. Sitenles ba ya raba zafi. A ma'aunin yadda ƙarfe ke tafiyar da zafi, 304 yana wajen 16, baƙin ƙarfe yana wajen 50, alminiyam ya haura 200. Inda harshen wuta ya taɓa, nan zafin zai zauna, ba ya saurin yaɗuwa gefe. Tsohon farantinka da ka raina yana raba zafi fiye da sabon har ninki uku. Ku duba tukunyar silba ta kirki a gida, za ku ga gindinta da kauri, an danne alminiyam ko jan ƙarfe a ciki. Wannan dalilin ne.

Na uku kuma sandar 6013 ta baƙin ƙarfe ce. Idan ta narke ta gauraya da sitenles, abin da ke fitowa yana da tauri amma ba ya jure lanƙwasa, ga shi yana tsatsa. Haɗa sitenles da baƙin ƙarfe aikin sandar 309L ne.

Hajiya Mai Gumi, Dadin Kowa: Allah ya ƙara ilimi, Injiniya. Ashe shi ya sa tuwo ke kamawa a 'yar silbar nan mai araha, ni kuma ina ta yi wa yarinya faɗa.

Dillalin Ƙarfe: Kafin a fara zagin 'yan kasuwa bari in shigo. Alhaji, ka ga lamba a jikin farantin lokacin da ka saya? Fallen da ya fito daga kamfani yana zuwa da rubutu a jikinsa, lambar irinsa da kaurinsa.

Mai Burodi, Pantami: Ban duba ba. Na dai kai maganaɗisu na manna, bai kama ba, mai shago ya ce ka gani ko, orijinal ne.

Dillalin Ƙarfe: Kama da wane ba ta wane. 201 ma ba ya kama maganaɗisu, kuma shi ya fi yawa a kasuwa don shi mutane ke iya saye. A ido ba za ka raba shi da 304 ba. Ni idan na je Ƙofar Ruwa a Kano ko Owode Onirin a Legas, ba na cewa a ba ni sitenles, lamba nake faɗa, in ga rubutun jikin fallen, in kaya da yawa ne in nemi takardar kamfani. Wanda ya je ya ce a ba shi sitenles mai sauƙi, to 201 za a miƙo masa, kuma ba a yi masa ƙarya ba.

Ɗalibi, Bauchi: Gafarta malamai, ni ina aji biyu a fannin injiniya. An ce mana wanda ya kama maganaɗisu ba sitenles ba ne. Haka ne?

Injiniya: A'a ƙanena, a cire wannan. Abin da ke sa a kira ƙarfe sitenles shi ne kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Kuromiyam ɗin ne ke haɗuwa da iska ya yi wata fata siririya da ido ba ya gani, ita ke hana tsatsa, kuma in aka karce ta tana sake rufewa da kanta. 430 yana da kuromiyam kashi 16 zuwa 18, ba a sa masa nikel ba, yana kama maganaɗisu caraf, kuma sitenles ne cikakke. 304 shi ne kuromiyam 18 da nikel 8, shi ya sa za ka ga an buga 18/8 a gindin wasu kwanuka. 201 an rage masa nikel an cike da manganis saboda tsadar nikel. Shi kansa 304, in ka lanƙwasa shi ko ka daddake shi da guduma, wajen lanƙwasar zai ɗan ja maganaɗisu. Don haka maganaɗisu shaida ce, amma ba alƙali ba ne.

Abin dariya, wanda ake danganta wa gano ƙarfen nan, Harry Brearley na garin Shefil a Ingila, a 1913, ba cokali yake nema ba. Ƙarfen da zai jure cin da zafi ke yi wa cikin bututun bindiga yake bincike. Wuƙar cin abinci ce ta fara cin moriyarsa.

Mai Burodi, Pantami: To yanzu wace lamba zan sa? Ku faɗa mini guda ɗaya in huta.

Baba Mai Walda, BCGA: Babu guda ɗaya. Obin gida ne mai ɗakuna, kowane ɗaki da zafinsa. Inda burodi yake zafi bai wuce 200 zuwa 250 ba. Inda itace ke ci kuwa wani labari ne. Da dare idan ka leƙa, farantin yana ja?

Mai Burodi, Pantami: Yana ja sosai a tsakiya, kamar garwashi, musamman in yara sun cika itace don su gama da wuri.

Injiniya: Yawwa, wannan amsar ta fi kowane ma'auni da za ka saya. Ƙarfe yana fara nuna ja a cikin duhu ne daga wajen digiri 500 zuwa 550. In ya yi ja sosai kamar garwashi, ana maganar 700 zuwa 800. In ya koma ruwan lemo, ya doshi 1000. Kafin ya kai ga ja ma yana barin shaida a jikinsa: sitenles da ya sha zafi yana yin ruwan ɗorawa a wajen 300, ya koma ruwan ƙasa a wajen 400, sannan shuɗi in ya haura 500. Daɗewa a wuta yana sa launin ya riga lokacinsa, amma dai taswira ce mai amfani. Gobe in ya huce ka haska shi da tocila ka ga inda shuɗi ya tsaya.

Yanzu ga iyakokin da masu ƙera ƙarfen ke bayarwa, wato zafin da zai jure kafin fatarsa ta fara ɓarewa. 304 da 316: 870 idan ana kunnawa ana kashewa, 925 idan wutar ba ta mutuwa. 309: 980 da 1095. 310S, wanda ke da kuromiyam kusan 25 da nikel kusan 20: wajen 1035 da 1150.

Ɗalibi, Bauchi: Yallaɓai, ba a juya lambobin ba? Na zaci wanda ake ba hutu shi zai fi jurewa.

Injiniya: Tambaya mai kyau, kowa haka yake zato. Ba a juya ba. Ƙarfen da fatar da ke kansa ba sa miƙewa daidai. Duk lokacin da ya huce, ƙarfen yana tsukewa fiye da fatar, sai ta tsattsage ta zube kamar ɓawon gyaɗa. Gobe ƙarfen ya sake ba da kuromiyam ya yi sabuwa, ita ma ta zube. A haka yake sirancewa. Wutar gidan burodi kuwa kullum sai an kashe.

Amma kada lambobin nan su ruɗe ku. Wancan iyakar ɓarewa ce, ba iyakar ƙarfi ba. 304 a sanyi yana fara lanƙwasar da ba ta komawa a nauyin megafaskal 205 (ma'aunin ƙarfin ƙarfe ke nan), ya tsinke a 515. Kafin ya kai digiri 600 ƙarfinsa na farko ya sauka zuwa kusan rabi. Sannan daga wajen 550 zuwa sama akwai wata cuta ta daban: ƙarfe yana lotsewa a hankali ƙarƙashin nauyin da a sanyi ko gezau ba zai yi ba. Ba ya nunawa a rana ɗaya, sai bayan watanni ka ga ciki ya sauko. Baƙin ƙarfe yana fara wannan tun wajen 400, nan ne sitenles ya fi shi nesa ba kusa ba. Amma fallen milimita 1.5 da ke ja kullum, ko na 310S ne, sai ya canza kama.

Makaniki, Bajoga: Ku bari in sa baki, mu da ke maƙwabtaka da kamfanin siminti na Ashaka. Tanderun siminti yana kai kayan da ke ciki wajen digiri 1450. 304 kuma a tsakanin 1400 da 1450 yake narkewa. Jikin tanderun baƙin ƙarfe ne mai kauri, bulon wuta aka jera a ciki shi ke karɓar azabar. In manyan kamfanoni da kuɗinsu bulo suke sa wa wuta a gaba, Alhaji me ya kai ka faranti?

Baba Mai Walda, BCGA: Ka ji magana. Ga abin da zan yi da obin ɗina ne. Gidan wuta a jera masa bulon wuta, ƙasa da gefe. A samansa a ɗora farantin baƙin ƙarfe mai kauri, milimita 8 ko 10, in an samu ƙarfen zubi ma ya fi. Kada a yi masa walda. A yi masa kujera da angul ya zauna a kai, a bar masa rata kamar faɗin ɗan yatsa ta kowane gefe. Ratar a cusa mata igiyar toshe zafi don hayaƙi. A kan farantin a shimfiɗa bulo ko yashi mai tsafta, shi zai raba zafin. Zai yi tsatsa da shekaru, eh, amma ranar da ya gama aiki mutum biyu za su ɗaga shi su sa wani, ba sai an fasa obin ba.

Injiniya: Na sa hannu a kan wannan. Abin da zan ƙara, in harshen wuta yana dukan wuri ɗaya, a rataya ƙaramin faranti tsakanin wutar da babban farantin ya riƙa watsa ta. Wannan ƙaramin shi ya cancanci 310S ko 309, milimita 4 zuwa 6, kuma da yake ƙarami ne kuɗinsa ba zai karya ka ba. Bangon ciki inda burodi yake, 430 ya isa har ya yi yawa: yana da sauƙin kuɗi, miƙewarsa ma ba ta kai ta baƙin ƙarfe ba, kuma ya fi 304 raba zafi. Sai dai kada a kai shi wajen wuta, don in ya daɗe a zafin da ke kewayen 475 yana yin gautsi, wata rana a buga shi da guduma ya fashe. Teburin kwaɓa fulawa da kwanon injin kwaɓi, nan ne wajen 304.

Dillalin Ƙarfe: 310S ba a cika samunsa a nan ba, gaskiya. Sai an yi oda, kuma kuɗinsa ya yi wa 304 nisa saboda nikel. Duk wanda ya ba ka 310S a farashin 304, ka gode masa ka wuce. In mutum uku ko huɗu za su haɗu a sayi falle ɗaya a yanka, ya fi.

Mai Burodi, Pantami: Akwai wani abu da ban faɗa ba. In an gama gashi, yara suna watsa ruwa a gidan wuta don su samu gawayi.

Baba Mai Walda, BCGA: Kai Alhaji! Ruwa ba ya tsami banza. Sai yanzu za ka faɗa?

Injiniya: Wannan kaɗai ya isa ya tsage walda, kuma bulon wutar da za ka sa ma zai farfashe in aka ci gaba. Su kwashe garwashin da shebur zuwa cikin rabin durom, su kashe shi a waje. Tokar ma a riƙa kwashewa, kada ta kwana da laima a kan ƙarfe.

Hajiya Mai Gumi, Dadin Kowa: To tunda an buɗe asibiti, ga nawa marar lafiyar. Tukunyar turara shinkafa na sa aka ƙera mini ta sitenles, saboda durom yana ɓata launin shinkafa, masu saye suna cewa ta yi duhu. An ce mini 304 ce, kuma na ga lambar da idona. Shekara guda ta yi lafiya. Yanzu tana zufa a gefen layin walda, ba a kan waldar ba, kamar faɗin yatsa daga gefe. Ga wasu ƙananan huji a gindi kamar an soka allura. Ni wutata ɓuntu ce da kara, ba ta kai ta Alhaji ba.

Injiniya: Ranki ya daɗe, ruwan me kike amfani da shi, kuma da me ake wanke ta?

Hajiya Mai Gumi, Dadin Kowa: Da rani ruwan burtsatse, yana da ɗan zartsi. Wanki kuma wani lokaci yara kan zuba ruwan bilic don ta yi haske.

Injiniya: To ga ɓarayin nan biyu. Taki ba wuta ce ta ci ta ba kai tsaye, gishiri ne da zafi suka haɗa kai. Sinadarin da ke cikin gishiri, wanda shi ne kuma ke cikin bilic, yana huda fatar da na faɗa ɗazu. Hujin allurar ke nan. In ruwa ya wuce digiri 60, ga gishiri, ga ƙarfe a ɗaure saboda jan da walda ta bar masa, 304 yana iya tsattsagewa sirara-sirara. Kuma duk lokacin da ruwan ya ƙone a gindi, gishirin da ke cikin bokiti goma yana taruwa a tafin hannu ɗaya.

Zufar gefen walda kuma labarinta daban. Idan 304 ya ɗan daɗe a zafi tsakanin 425 da 860, kabon ɗin cikinsa yana kama kuromiyam ya riƙe, sai wurin ya rasa mai gadi. Lokacin walda, layin kansa ya wuce wannan zafin, nesa da shi bai kai ba, amma akwai wata 'yar tsiri a gefe da ke zama daidai a ciki. Nan take zufa. Maganinsa a sayi mai harafin L, wato 304L ko 316L, kabon ɗinsu bai wuce 0.03 cikin 100 ba. Ga ruwa mai zartsi 316L ya fi, saboda molibdinam kashi 2 zuwa 3 da ke cikinsa yana rage huji. Ban ce yana hanawa ɗungurungum ba. A daina bilic, a wanke da sabulu a ɗauraye, a kife ta ta bushe, kada a bar ruwa ya kwana a ciki.

Hajiya Mai Gumi, Dadin Kowa: Bilic ya bar gidana daga yau. Wannan ɗin za ta gyaru, ko in sa ta a ajiyar masara?

Baba Mai Walda, BCGA: In gindin ne kawai, a yanke shi a sa sabo mai kauri, milimita 3. A yi waldar da 316L ko 308L daidai da farantin, wuta ƙasa-ƙasa, gajere-gajere, ana bari tana hucewa. Sitenles ba ya son a zauna masa a wuri ɗaya. In mai walda ya gama kika ga layin ya yi baƙi ƙirin, ya dafa shi. Mai kyau ruwan zinare yake yi. Sannan a goge launin da buroshin sitenles, wanda bai taɓa baƙin ƙarfe ba. Haka fefen giranda. Na sha ganin yaro ya yanka rodi da fefe, ya juya ya goge tukunya da shi, bayan kwana uku mai tukunya ta dawo tana cewa an sayar mata da jabu. Ƙurar rodin ce ta manne take tsatsa.

Hajiya, tokar ɓuntun nan kada ki zubar duka. A kwaɓa ta da yumɓu a shafe murhun, tana riƙe zafi, za ki ga ragin makamashi.

Mai Tsire, Bolari: Salamu alaikum manya. Ni tawa ƙarama ce. Ragar da nake gashi a kai wata uku take yi ta ɓurme. Wayar kejin kaji nake yankowa. Me ya fi?

Makaniki, Bajoga: Subhanallahi, mai farin ruwan nan? Galbanaiz ce fa.

Injiniya: Ɗan'uwa, ka daina tun yau, ba don ɓurmewa ba, don lafiyarka da ta masu ci. Farin ruwan jikinta tutiya ce, tana narkewa a wajen digiri 420, garwashi kuma ya wuce nan. Haka ragar tsohon firji, ba a san da me aka shafe ta ba. Ka sa a yanka maka rodin 304 mai milimita 6 ko 8, a jera a kan firam da gindi ɗaya a tsakiya don kada su lotse. Gefe ɗaya kawai za a kama da walda, ɗaya gefen a zura a rami ya riƙa motsi. Zai canza launi, wannan ba komai. Gishirin yaji ne abokin gabarsa, ka goge shi kowane dare.

Mai Tsire, Bolari: Na gode Yallaɓai. Tsinke biyar naka ne duk ranar da ka biyo.

Shugaban Zaure: A rubuta, zaure shaida ne. Injiniya kada ka je kai kaɗai.

Makaniki, Bajoga: Nawa guzurin ga masu janareta da injin niƙa. Salansar mota yawanci 409 ce, kuromiyam ɗinta wajen 11 ne kawai, tana yin ja-ja a waje amma tana daɗewa, kuma ba ta da tsada. Kusa da kan injin inda ya fi zafi, in an samu 321 ya fi, an sa masa titaniyam don kada kabon ya yi abin da Injiniya ya faɗa. Amma abin da na ga yana kashe bututun hayaƙi a wajenmu girgiza ce. A ɗaure bututu ƙam daga injin zuwa bango, sai ya karye a wuya. A sa 'yar gaɓa mai lanƙwasa a tsakani. Kuma masu ƙona baƙin mai a murhun narka dalma su sani, hayaƙin da ke da farar wuta ba ya shiri da ƙarfe mai nikel da yawa. Kada a kashe kuɗi a kan 310S a can a zaci an gama.

Injiniya: Gaskiya ne, musamman in wutar ba ta samun isasshiyar iska. Ƙari ɗaya ga mai waldar 321: sandar 347 ake amfani da ita, don titaniyam yana ƙonewa a cikin wutar walda, ba ya isa cikin haɗin.

Ɗalibi, Bauchi: Yallaɓai, akwai yadda za a tabbatar da lambar ƙarfe in babu rubutu? Mun ga wata na'ura kamar bindiga a bidiyo.

Injiniya: Akwai ta, ana manna ta a jikin ƙarfe ta karanto kuromiyam da nikel cikin daƙiƙoƙi, amma kuɗinta ba na shago ɗaya ba ne. Akwai kuma ruwan gwaji na 'yan kwalabe da ake ɗigawa, wani yana raba 201 da 304, wani yana nuna molibdinam. In aikin babba ne, kamar tukunyar tururi, a yanki ƙyalle a kai ɗakin gwaji. Akwai cibiyar binciken ƙarafa ta ƙasa a Jos, kuma kai da kake Bauchi ka tambayi malamanka na jami'ar ATBU ko na kwalejin fasaha ta tarayya. Ma'aunin zafi mai jan haske ɗin nan kuma, kada a yarda da shi a kan sitenles mai ƙyalli, yana nuna ƙasa da gaskiya. Alhaji ka nemi mai waya, irin K, yana kaiwa sama da 1000.

Baba Mai Walda, BCGA: Saura huda. Duk inda za a ɗaure faranti da noti kusa da wuta, ramin a yi shi dogo kamar ƙwayar wake, kada a matse notin har ƙarshe. Wajen hudawa a rage gudun injin, a danna da ƙarfi, a ɗiga mai. In ka bar bakin yana shafa yana ƙara, wurin zai taurare, baki uku za ka ƙona ba ka huda ba.

Kuma ku yara, hayaƙin waldar sitenles ba irin wanda kuka saba ba ne, yana cutar huhu. A yi a fili, iska tana bayanka, a rufe hanci da abin kirki. Madarar da kuke sha bayan walda ba ta wanke komai, ni na sha ta shekaru ina zaton magani ce.

Mai Burodi, Pantami: Allah ya saka wa kowa da alheri. Na fahimci laifin nawa ne da na yarana, mai walda abin da na ce ya yi. Bankararren farantin fa, a jefar?

Baba Mai Walda, BCGA: Kada ka jefar. Gefensa da bai sha wuta ba zai yi murfin bututun hayaƙi, ragowar a yi wa Mai Tsire tiren kitse. Tsakiyar da ta yi ja kuwa ta gama, sai 'yan gwangwan.

Dillalin Ƙarfe: Ina da tafiya Kano ranar Litinin. Masu son 310S su faɗi girman da suke so kafin Lahadi da dare. Hajiya, gindin tukunyarki faɗinsa nawa?

Hajiya Mai Gumi, Dadin Kowa: Sai yaro ya dawo daga gona ya auna, zan turo da safe. Ka tabbata akwai L ɗin nan a jiki, in babu kada ka ɗauko.

Baba Mai Walda, BCGA: Alhaji, Asabar bayan la'asar zan shigo Pantami da tef. Kada a kunna wuta ranar, ina so in shiga ciki in ga angul ɗin, wataƙila shi ma ya karkace. Ka sa yara su kwashe toka kafin in zo.

Mai Burodi, Pantami: Asabar akwai odar biki, Baba. Lahadi fa?

Baba Mai Walda, BCGA: Lahadi da hantsi. A ajiye mini guda biyu daga na gefe, farin nan, da shayi nake so.